Hoton Da Aka Tura Wa Hajiya

Baiwar Allahn da ta rubuto min a ƙarƙashin rubutun makon jiya tana cewa, "Edita, ki rage baki, kada ki kori mijin aure da harshenki," na ga saƙonki, na gode. Ki gyara zama ki karanta abin da ya faru a falonmu ranar Asabar. In kin gama, sai ki dawo ki sake ba ni shawara.

Ku kuma da kuka shigo yau, aikina gyaran kala ne a wani sitidiyon haɗa fim. In an gama ɗauka, an yanka, an jera, sai a turo min. Ina zama a wani ɗan ɗaki marar taga, gaban allon kwamfuta biyu, in ƙara wa wannan haske, in rage wa wancan. Shi ya sa kowa ke ce min Edita, har a gida. Mutumin da ake yi min faɗa a kansa kuwa shi ne mai sitidiyon, Darakta. Wata goma sha ɗaya ke nan yana cewa ni zai aura, kuma ranar Asabar ɗin ce ya kawo mahaifiyarsa ta gan ni.

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin in tona na wani.

Tun farkon zuwana wurin, Darakta yake da ɗabi'ar tsayuwa a bayan kujerata, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya yana nuna allo.

"Jarumar nan ta yi duhu, ɗaga ta. Wa zai tausaya mata a haka?"

Sai in ɗaga ta.

"Ita kuma wannan, ba ita ce ta ƙona shagon marayu ba? Ya za ki bar ta tana sheƙi? Danne ta."

Sai in danne ta.

Da na gaji da yi fuska bayan fuska, sai na haɗa saiti biyu na adana a kwamfuta, dannawa ɗaya aiki ya ƙare. Na farko na sa masa suna Baiwar Allah: yana haska fata, ya goge tabo da ƙuraje, ya zuba ɗan ruwan zuma a kumatu, farin mayafi ya yi ta walƙiya. Na biyu sunansa Makira: yana danne fata, ya zurfafa inuwar ƙarƙashin ido, ya shafa ɗan kore-kore a gefen fuska, jan baki ya koma kamar jini. Ranar da na nuna wa Darakta, har tafi ya yi min. Ya ce duk masana'antar babu mai kaina. Ni kuma, sakarya, na kwana ina murmushi.

Matar da ke fito mana a muguwa, a zahiri ta fi jarumar haske nesa ba kusa ba. Ta taɓa ba mu labari tana dariya cewa wata mata ta tofa mata yawu a kasuwa, ta ce, "Baƙar azzaluma, ashe mai kika shafa!" Duk muka yi dariya. Ni na fi kowa, har da riƙe ciki.

Kuma jama'a, ni baƙa ce. Ba irin baƙin da ake lallashi a ce wankan tarwaɗa ba, a'a, baƙa sosai, kalar Ummana na ɗauko. Ƙanwata Auta ita ta kwaso hasken Baba. In ka cire wannan, fuskarmu ɗaya ce: goshi ɗaya, hanci ɗaya, har wushiryar. Shekara uku ina danna Makira da wannan baƙin yatsan nawa, ban taɓa jin ko ɗar ba. Ai ni daban ce. Ai ni ce wadda Darakta ke turo wa saƙo da sassafe yana cewa, "Kalarki babu kamarar da za ta iya ɗaukarta." Ashe da gaske yake, ni ce ban fahimci mutumin ba.

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai Umma ta tayar da gidan. An wanke rigunan kushin, an goge gilashin kabad har sau biyu, an fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa barin mu mu sha ko ruwa a ciki ba. Baba ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya sa hularsa ya tafi shago.

Na fito da doguwar rigata shuɗiya mai duhu, wadda na san tana karɓata. Umma ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Makoki za ki je?"

"Umma, ita ce ke min kyau."

"Cire. Sa mai ruwan madarar nan."

"Ita ai ƙara min baƙi take."

"To sai a gyara da hoda. Zauna."

Ta zaunar da ni a bakin gado, ta buɗe wata hoda da ta saya musamman, wadda ko Auta ce ta shafa sai an ce ta yi yawa. Tana shafawa tana magana, numfashinta a kan goshina.

"Shekara ashirin da tara. Mutum biyu sun zo sun koma saboda bakinki. Wannan na uku ne, kuma ya fi su komai. In matar nan ta ce miki sama ƙasa ce, ki ce haka ne, Hajiya. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Ba ki ji ba, na san ki."

Da ta fita na duba madubi. Wallahi kamar wadda ta kwana a gidan injin niƙa. Fuska ruwan toka, wuya baƙi, kunnuwa baƙi. Ina cikin kallon wannan abin tausayi waya ta yi ƙara.

Darakta: "Mun taso. Hajiya tun jiya take ɗoki."

Darakta: "Kin yi kwalliya?"

Ni: "Ana kai."

Darakta: "Ki ɗan yi mai haske-haske, kin gane."

Na ɗauka kaya yake nufi. Na jiƙa tawul na goge hodar nan tas, na sa ɗan kwalli da man leɓe, na ce in ma faɗa ne Umma ta yi bayan baƙi sun tafi. Wannan gogewar ce ta jinkirta ni. Ina jin tsayuwar mota, ina jin ƙwanƙwasa ƙofa, ina jin Umma daga kicin tana cewa, "Auta, buɗe musu!"

Sai wata murya mai kauri ta cika gidan.

"Masha Allah! Masha Allah! Ba sai an nuna min ba, na gane ta!"

Na yi murmushi ni kaɗai. Na ce tsohuwar nan akwai barkwanci, ko ganina ba ta yi ba. Saƙo ya sake shigowa, Darakta yana cewa shi zai jira a mota, ya ba mu wuri mu mata. Na ratsa ta kicin kamar yadda Umma ta tsara, na ɗauki tire mai lemo da biskit da kofunan zinare, na yi sallama a ƙofar falo.

Umma ta saki labulen nan masu kauri duka biyun, don kada baƙuwa ta ga inda kafet ya koɗe, sai ƙwan lantarki ɗaya ke ci. A kan doguwar kujera wata babbar mace ce cikin farin leshi, da tabarau mai igiyar zinare, turarenta ya danne na ɗakin. A gefenta, manne da ita, Auta ce da mayafinta ruwan hoda, hannunta cikin hannayen Hajiya biyu kamar za a ƙwace mata. Auta ta ɗago ta dube ni, idonta ya yi rau-rau.

"Hajiya, ni fa ba..." in ji Auta.

"Kai, ji kunya! Yi shiru, 'yata, ba sai kin ce komai ba. Irin wannan tarbiyyar yanzu sai an tona."

Na rissina na gaishe ta. Ta amsa ba tare da ta juyo sosai ba, sannan ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Wannan fa?"

Na dubi Umma. Tana zaune a bakin kujera, murmushi ya bushe a fuskarta. Ta ga kuskuren, tun shigowarta ta gani. Kalma ɗaya kawai ake bukata.

"Yayarta ce," in ji Umma.

Kun ji ko? Ba ta yi ƙarya ba. Ummana ba ta ƙarya. Na durƙusa gaban tebur na fara jera kofuna, don in na tsaya a miƙe ban san abin da zai fito daga bakina ba.

"Ikon Allah," Hajiya ta ce, "ciki ɗaya?"

"Ciki ɗaya, Hajiya."

"Allah mai iko." Ta shafa bayan hannun Auta. "Ni fa, Maman yara, Allah Ya ba ni ido. Duk fim ɗin ɗana sai na kalla sau uku. Tun kafin mutum ya buɗe baki nake gane mugu. Da na ga fuska ta yi duhu, ido ya faɗa ciki, sai in ce wa 'yan gida, ku sa ido, wannan ce za ta yi ɓarna. Ta kirkin kuwa za ki gan ta fes, fuska kamar an kunna fitila. Ban taɓa kuskure ba, ko sau ɗaya."

Ina za ki yi kuskure, Hajiya? Ni ce nake ba ki amsar tun kafin a yi tambaya.

"Haka ne, Hajiya," in ji Umma.

Na miƙa mata kofi. Ta karɓa da hannu ɗaya, ta ƙura min ido, sai ta ƙyalƙyale da dariya.

"Kin san da wa kike min kama? Matar nan da ta ƙona shagon marayu! Wallahi har inuwar idon. Kar ki ji haushi, 'yar nan, kama ce kawai. Kina da aure?"

"A'a, Hajiya."

"Allah sarki. Allah Ya kawo miki naki, kowa da rabonsa."

"Amin," na ce. Har da amin ɗina, jama'a.

Har zuwa lokacin ina ba kaina haƙuri. Tsohuwa ce, ta ga budurwa ta buɗe ƙofa, ta ruɗe. Sai ta ajiye kofin, ta laluba jakarta, ta fito da waya.

"Tun ranar da ya turo min hoton nan ban goge ba. Kullum sai na duba. Na ce masa, in dai wannan ce, na amince tun kafin in je."

Ta juya wa Umma wayar, ni kuma ina durƙushe a tsakaninsu, ta gabana ta wuce.

Na san hoton. Mako uku da suka wuce ne, a ƙofar sitidiyo, na fito zan tafi gida, ya ce, "Tsaya haka, kar ki motsa, hasken nan ya yi miki kyau." Jakata ce a kafaɗa, agogona ne a hannu. Amma ɗan tabon da ke kan girata ta hagu babu shi. Kumatun sun sha ruwan zuma. Mayafin da na yafa ranar ruwan hanta ne, a hoton kuwa ya koma ruwan hoda. Wannan ita ce matsalar Baiwar Allah, yana cinye ja, na sha cewa zan gyara ban gyara ba. Kowace mai aiki ta san ɗinkin hannunta. Fuskar da ke cikin wayar nan ba kama take da Auta ba, Auta ce, har kalar mayafin da tsautsayi ya sa ta yafa ranar.

Darakta bai iya gyaran kala ba, ko inda ake rage haske bai sani ba. Abu ɗaya ya iya: dannawa. Ke nan ya jira na tafi gida, ya shiga ɗakina, ya hau kujerata, ya buɗe fuskata a allona, ya dube ta da kyau, ya yanke hukuncin cewa a haka ba za a tausaya mata ba.

Na ce bari in ƙaro ƙanƙara. Na shiga kicin na jingina da firiji, na buɗe waya. Saƙon Auta na fara gani, da hannu ɗaya ta rubuto: "Yaya ki cece ni hannuna ya mutu."

Na rubuta masa.

Ni: "Hajiya ta riƙe Auta. Ta ce ita ce."

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

Darakta: "Subhanallahi."

Ni: "Wane hoto ka tura mata?"

Darakta: "Naki mana."

Ni: "Da wane saiti?"

Darakta: "Haba Edita. Ɗan gyara ne, kowa yana yi. Kin san tsofaffi. So nake ta fara son ki tukuna, in ta saba sai ta ga sauran."

Sauran. Ku duba min kalmar nan da kyau. Fatar da nake ciki tun ranar da aka haife ni, ita ce sauran.

Darakta: "Don Allah kar ki ce komai yanzu. Tana da hawan jini. Zan yi mata bayani a hankali in mun koma."

Ni: "Shigo."

Darakta: "Ina kan waya da mai sayen fim."

Ni: "Ka shigo, ko in fito in same ka a mota, unguwa ta sha kallo."

Ban kai ga ajiye wayar ba Umma ta faɗo kicin ta turo ƙofa. Da raɗa take magana, amma raɗar Umma ta fi ihun wani zafi.

"Me kike yi a nan? Fuskar nan da kika ɗaure fa?"

"Umma, me ya sa kika ce yayarta ce?"

"Ƙarya na yi?"

"Kin san abin da take tambaya."

"So kike in kunyata babbar mace a cikin falona? Ki bari a rabu lafiya, shi ya gyara abinsa a gida."

"In bai gyara ba fa?"

Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen taga, ta duba dama ta duba hagu.

"Kin goge," ta ce. "Da kin bar hodar nan da duk ba a kai ga haka ba."

Ta sake ni ta juya. Na ɗauki kwanon ƙanƙara na bi bayanta.

Mun tarar Hajiya ta cire awarwaron zinare ɗaya daga hannunta tana tura shi a na Auta. Auta tana janyewa tana cewa, "Hajiya, don Allah ki tsaya ki ji," ita kuma tana cewa, "Ba a mayar min da kyauta." Daidai nan aka yi sallama.

Ya shigo fari fat tun daga hula har takalmi, sai ƙamshi yake. Mutumin da ya kafa dokar cewa jarumi ba ya sa baƙin kaya ai ba zai karya ta a kansa ba. Ya rissina ya gaida Umma, ya ƙi yarda idonmu ya haɗu.

"Shigo ka gani," in ji Hajiya. "Ta ma fi hoton kyau. Wannan karon ka yi zaɓe."

Ya yi wata 'yar dariya marar ruwa, ya sosa ƙeya.

Zan faɗa muku gaskiya, ko da za ku yi min dariya. A wannan lokacin, da duk abin da na gani a wayar nan, ina son mutumin. Da ya tako ya tsaya kusa da ni ya ce, "Hajiya, kin yi kuskure, ga ta nan," wallahi da na yafe masa hoton. Da na yi masa faɗa kwana biyu na haƙura. Abin da nake jira bai wuce wannan ba, ya nuna ni da hannunsa a gaban uwarsa.

Na ajiye kwanon ƙanƙara a kan tebur.

"Darakta, Hajiya tana jira. Wacece a cikinmu ka ce za ka aura?"

"Ke!" in ji Umma.

Hajiya ta dube ni, ta dubi ɗanta. Shi kuma ya dubi Auta, ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarki kamar a can aka rubuta amsar.

"Hajiya, wato... ina ganin hasken ɗakin nan ne ba shi da kyau."

Hasken ɗaki! Wata goma sha ɗaya na saƙon asuba, da "ke ce rayuwata", da "ban taɓa ganin irinki ba", ranar da aka ce ya nuna ni sai ya kama ƙwan lantarkinmu da laifi. Kaico, namiji har namiji.

"Gaskiyarka," na ce. "Bari a gyara."

Na taka na ja labulen farko har ƙarshe, na ja na biyu. Ranar azahar ta faɗo cikin falon gaba ɗaya, ta nuna koɗaɗɗen kafet ɗin Umma, ta nuna tsagar bango, ta nuna zufar da ke bin wuyan Darakta. Na tsaya a tsakiyarta.

"Ga haske. Hajiya, ni ce Edita. Hoton da ke wayarki nawa ne, ki duba agogon, ga shi a hannuna. Wannan ƙanwata ce, ɗaliba ce, ko ƙofar sitidiyon ba ta sani ba."

Hajiya ta gyara tabarau. Ta duba waya, ta duba hannuna, ta sake duba waya.

"To ya aka yi kika yi fari a nan?"

"Wanke ni aka yi. Akwai abin da muke dannawa a kwamfuta, ni na haɗa shi da hannuna. Duk ta kirkin da kika gani a fim ɗin ɗanki tana haske, ni na haska ta. Duk muguwar da kika gani ta yi duhu, ni na baƙanta ta. Matar da ta ƙona shagon marayu ma, in kin gan ta a fili, ta fi ki haske."

"Ta fi ni?" Ta dafe ƙirji. "Matar da na shekara biyu ina tsine mata?"

"Ita, Hajiya."

Ku lura, duk abin da na faɗa, wannan ne ya fi taɓa ta.

Ta juya wajen ɗanta. "Kai, gaskiya ne? Wannan ce?"

"Hajiya, ai... tana da kirki sosai. In kin saba da ita za ki gani. Kuma aikin sitidiyon duk a hannunta yake."

Kun ji yabon masoyi. Kamar mai tallan tsohuwar mota: fentin ne kawai, amma injin lafiya lau. Ko a nan bai iya cewa "ita ce" ba, balle "ita nake so." Na ji wani abu ya huce a ƙirjina, irin hucewar shayin da aka manta da shi. Ban ma ji haushinsa ba kuma, raini ne kawai ya rage, kuma rabin rainin nawa ne, ni da na ba shi kayan aikin.

Hajiya ta dube ni tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa, a cikin hasken da na buɗe mata da kaina, ba gaggawa. Na tsaya ƙyam, ban sunkuyar da kai ba. A raina na ce, to, ko ba komai yau an gan ni.

Auta ta samu hannunta ya kuɓuta, ta fara murza awarwaron tana ƙoƙarin zare shi, hawaye na zuba a kan mayafinta.

"Hajiya, ga abinki, na Yaya ne, ba nawa ba..."

Hajiya ta ɗora tafin hannunta a kan awarwaron, ta danne.

"Bar shi a nan, 'yata."

Ta kashe wayar ta jefa a jaka. Ta gyara zaman mayafinta, ta juya wajen Umma da murmushi, muryarta a kwance kamar ba abin da ya faru.

"Maman yara, kuskure an riga an yi, kuma ni ban saba shiga gida in fita hannu wofi ba. Ita wannan ɗin, an yi mata miji?"

Auta ta ce, "Innalillahi!"

Na dubi Darakta. Na ba shi wannan damar ma, ta ƙarshe. Farin takalminsa yake kallo, kuma na san fuskarsa sarai: ba fuskar wanda ya ji abin ƙyama ba ce, fuskar da yake yi ce in an kawo masa shawara yana auna ta.

Sai na juya wajen Umma. Ita kam ban yi shakka ba ko kaɗan. Na san za ta miƙe, na san za ta nuna musu ƙofa, har na matsa gefe don in ba su hanya.

Umma ta sa hannu ta gyara kofin da ke gabanta, wanda ba abin da ya same shi. Ba ta dube ni ba.

"Ba a yi mata ba, Hajiya," ta ce.